Shekarar da Na Yi wa Leda Gata

Inna, mahaifiyata, ta ce wanda bai yi ko gemu ba ba shi da tarihin rayuwa. Na ce mata ni kuwa ina da shi, har ya yi mini yawa. Shekaruna goma sha shida, amma bara kaɗai na ga abin da ya isa ya sa dattijo furfura sau biyu. Kuma ba don kaina nake wannan rubutu ba. Don ƴaƴana ne, waɗanda ban haifa ba tukuna, ban ma ga uwarsu ba. Na san ranar da suka yi wayo, mutumin farko da zai zaunar da su ya ba su labarin leda shi ne Sha'aibu, kuma na san yadda yake juya shi. Saboda haka ku ji, ɗiyana: duk abin da Baba Sha'aibu ya faɗa muku, ku yi masa ladabi, ku ce na'am, sannan ku zo ku karanta wannan.

Sunana Illiyasu, ana ce mini Illa. Garinmu yana bakin fadama, tsakanin Sabon Gida da Madawa, inda albasa ta yi yawan da in jariri ya yi hawaye ba a sanin ko yunwa ce ko yaji. Babana yana Abijan wajen nema, kamar rabin mazan garin, sai shekara-shekara muke ganinsa. Ni kakana ya rene ni, Kaka Nomau, mahaifin Baba. Tsoho ne siriri mai baƙar magana, kuma yana da wata ƴar garka, wato lambu, a bakin tsohuwar rijiya wadda duk fadamar babu irinta. Ba ta da girma, amma ƙasarta baƙa ce mai laushi, ruwa yana kusa, ga itacen lemu guda a kusurwa yana ba da inuwa. Tun ban kai tsayin guga ba nake bin Kaka can. Shi ya koya mini tsaga fangali, wato ƴan komayen da ake shuka a ciki, shi ya koya mini ɗaurin igiyar da ba ya kwancewa. Ba wanda ya taɓa ce mini garkar tawa ce, amma ba wanda ya ce ba tawa ba ce. Har na zaɓi inda zan riƙa shimfiɗa tabarma in na zama Alhaji.

Sai aka kawo Sha'aibu.

Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba da ke aure can wajen Allakaye, cikin duwatsu. An kawo shi gidanmu don kwaleji ta fi kusa da mu. Taubashina ne ke nan, kuma sa'ana. Dogo ne, fari, mai lumsassun idanu, kuma wallahi ban taɓa ganin ɗan Adam mai son kwanciya irinsa ba. In ya zauna sai ya jingina, in ya jingina sai ya zame, in ya zame shi ke nan sai kiran salla. Amma ku ji yadda duniya take. In ni na yi shiru, Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, ko kuwa na yi wata ɓarna. In shi ya yi shiru, a ce kai, yaron nan akwai natsuwa. Shiru ɗin nan kuwa barci ne da ido buɗe. Ni na sani, ɗaki ɗaya muke kwana. Ƙashin miya da ake ba ni tun ina ƙarami ya koma kwanonsa, don wai baƙo ne. Ya shekara a gidan, har yanzu baƙo ne.

A farkon bazara, bayan an kwashe albasa, wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya dawo daga Abijan ya sauke mana saƙon Baba. Naɗi ne na leda, doguwa, mai faɗi, garau kamar ruwan rijiya, kana ganin tafin hannunka ta cikinta. Baba ya turo murya ta waya ya yi bayani. Ya ce can ya ga masu lambu suna yi wa reno, wato ƴan tsiron da ake raya kafin dashe, rumfa da irinta, haske ya shiga, ruwan sama kuwa ya zame ta gefe. Wannan magana ta taɓa Kaka, don abin da ke cin ransa ke nan kowace shekara. Mai son albasar fari dole ya zuba iri a tsakiyar damina, lokacin marka, kuma ruwa guda mai ƙarfi ya isa ya kwantar da ƴan tsiron nan ya binne su cikin laka. A ƙarshen saƙon Baba ya ƙara wata magana da har yau ban yafe ba gaba ɗaya. Ya ce a raba wa yaran nan biyu su koyi aiki. Yaran nan biyu. Uban nawa ne fa.

Kaka ya sa muka ja ledar a tsakar gida, ya auna da ƙafa, ya sa wuƙa ya raba ta biyu.

“Ni na tsuhwa,” in ji shi. “Gwiwata ba ta son garka kuma. Kowa shi riƙe tashi. Ran da ruwan hwari ya sauka ku kawo mini in gani. Wanda ya iya riƙon leda shi za shi yi reno, wanda ya kai reno ga dashe kuwa, garka tashi ta.”

Na ce, “Kaka, ai garka akwai mai ita.”

“Akwai,” ya ce. “Ga ni zaune, ban mutu ba.”

Sha'aibu ya yi hamma, ya ce Allah shi ƙara girma. Inna ta ce ka ji ladabi.

To, yanzu ku tsaya in yi muku bayanin gidanmu, don kada ku ce ubanku wawa ne. A gidanmu duk abin da ake so, shanya shi ake yi. Inna tana shanya tabarmi don kuɗin cizo, tana shanya wake don ƙwari, tana shanya bargo, tana fito da zannuwan aurenta ta baza a igiya kada su yi warin ajiya. Abin da aka jefa cikin duhu aka manta, shi ne abin da ba a so, gara da ɓera su gaje shi. Haka kuma duk abin da ba a so ya tsage, ruwa ake ba shi. Kaba kafin a yi saƙa sai an yayyafa mata ruwa, in ba haka ba ta karye a hannu. Gugan fata in ya bushe ya ƙeƙashe. Na zauna na haɗa ilimin nan biyu, na ga ba abin da ya rage mini sai in karɓi garka.

Kullum da safe kafin in tafi lakwal, wato makaranta, sai in hau soron Kaka da ledata a kafaɗa. In shimfiɗa ta, in danne kusurwoyin da duwatsu, in ɗebi ruwa a baki in fesa mata kamar yadda Inna ke yi wa kaba. Ta wuni nan tana shan rana, ranar bazarar nan tamu da ke sa jaki ya tsaya da ƙafa uku. In na dawo in wanke mata ƙura, in goge ta da tsumma, in ninke ta a kan layin jiya. Ban taɓa yi wa jikina wankan da na yi wa ledar nan ba. Kuma ku rubuta wannan ku ajiye: ba wanda ya hana ni. Maƙwabta suna wucewa suna cewa sannu da himma. Inna ta ce wa matan unguwa ashe Illa ya fara hankali. Shi kansa Kaka ya ɗaga kai ya ga tana walƙiya a kan soro, ya gyaɗa kai. In wauta ce, to ta gari guda ce, ni dai na ɗauke musu ita.

Sha'aibu kuwa, a ranar da aka ba shi tasa, ya dunƙule ta ya cusa cikin tsohon rumbun laka da ba a zuba hatsi a ciki, ya mayar da marfi, ya je ya kwanta. Bai sake waiwayarta ba. Ni ban roƙi Allah gara ta cinye ta ba, wannan ba halina ba ne. Amma in na ga gara a hanya ina kauce mata, har da ƴar gaisuwa.

Da bazara ta yi nisa sai na fara ganin canji. Walƙiyar ta ragu. Ledar ta yi wani fari-fari kamar idon tsohon da yana ta rufe. Da can in na girgiza ta sai ta yi wata ƙara mai laushi, yanzu kuwa sai ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganyen dawa. In na shafa ta sai wani gari ya manne mini a yatsa. Na ce ƙishi ne, na ƙara mata ruwa, safe da rana. Da iska ta juyo ta fara kawo raɓa da gumi, alamar damina ta kusa, sai na ji tsoron kada ta yi fumfuna, na ƙara mata rana. Har ranar da ba lakwal ina zaune gefenta a kan soro ina kore mata tsuntsaye.

Ruwan fari ya sauka wata Laraba. Washegari da hantsi Kaka ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, abokan hirarsa suka zo, matan gida suka leƙo, yara suka hau katanga. Na fito da ledata a ka, a ninke, cikin tsohon zanen Inna, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tsarabar Makka. Na sauke, na kwance zanen, na kama gefe biyu na ɗaga ta sama don kowa ya gani.

Ta rabu a kan layin ninki, tsaf, kamar an sa reza. Na kama wani gefen, shi ma ya zo mini a hannu. Na yi sauri in tattara, duk inda yatsana ya taɓa sai ya huda. Iska ta ɗan taso, ledar da na yi wa bauta tun farkon bazara ta tashi guntu-guntu ta cika tsakar gida, kaji suna bi suna tsammani fara ce. Abin da ya rage a hannuna bai isa ɗaurin gishiri ba.

Wani tsoho ya ce, “Nomau, wagga ta riga ka tsuhwa.”

Kaka bai yi dariya ba. Ya juya ya ce, “Sha'aibu, ina taka?”

Sha'aibu ya sosa ƙeya. “Wace, Kaka?”

Ya manta. Wallahi ya manta. Sai da Inna ta nuna masa rumbu da baki. Ya shiga ya fito da yanar gizo a kai, tsaka ta faɗo daga cikin dunƙulen ta gudu. Ya girgiza ledar sau ɗaya, ƙura ta tashi, sai ga ta garau, tana walƙiya kamar ranar da ta sauka daga kamyo. Gara ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, bayan duk gaisuwar da na yi mata.

“Yaro mai zurhin ciki,” in ji tsohon nan. “Ya san abin da yake yi tun hwarko.”

Sha'aibu ya sunkuyar da kai kamar gaske. Da ya zo wucewa ta gefena ya ce a hankali, “Taubashi, in ka gama da wagga, ga rigata can, ko za ka yi mata gata?”

Daga ranar sunana ya koma Sarkin Shanya. Har ƴan matan da ke ɗiban ruwa suna tambayata ko ina karɓar aiki.

Na kai ƙarata wurin mushenmu na fizik, wato malamin kimiyya, don ina zargin an yi mini hannu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge ido, na ga kafaɗarsa tana rawa. Sannan ya ce leda ba fata ba ce, ba kaba ba ce. An yi ta ne da wasu zaruruwa dogaye da ido ba ya gani, a sarƙe da juna, su ke ba ta ƙarfi da laushi. A cikin hasken rana kuma akwai wani ɓangare da shi ma ido ba ya gani, da Faransanci suna ce masa iltirabiyole, aikinsa ke nan tsinka zaruruwan nan. Inda ya tsinka iska ta shiga ta ci, zafi kuma ya ƙara wa abin sauri. Ruwa shi kaɗai a duhu ba ya yi mata komai, amma in ta fara tsagewa sai ya shiga ƴan tsagun, ya wanke ɗan maganin da aka sa mata, ya bushe, ya sake shiga, kullum tsagar tana ƙara buɗewa. Ya ce akwai wadda ake yi musamman don zama a rana, amma tamu ta naɗe kaya ce.

“Rana, zafi, ruwa, da ninki wuri ɗaya,” ya ce. “Ko ni da na karanta abin ban iya haɗa mata su duka haka ba.”

Ya nuna mini ledojin da suka maƙale a ƙayar bayan aji, duk sun zama tsumma. Ya ce in tuna waɗanda hauya ke tonowa a gona, shekara da shekaru a binne amma da ƙarfinsu. Ya ce kuma kada in ɗauka wadda ta farfashe ta ruɓe kamar ganye. Tana nan, ta dai zama ƙanana, ta shiga ƙasa da cikin dabbobi. Na tuna kajin Inna.

Shi kuwa Sha'aibu, da yabo ya shiga kansa, sai ya tashi da aiki karo na farko a rayuwarsa. Tun damina ba ta kankama ba, tun saura wata biyu a zuba iri, ya kafa rumfa a garka, ya ja ledarsa a kai ya ɗaure. Wai gwaji. Gaskiyar magana yana so a gani ne. Aka kuwa gani. Mutane suna ratsowa daga hanyar kasuwa su tsaya su riƙe ƙugu. Shi yana kwance ƙarƙashin lemu, daidai inda na zaɓa wa tabarmata, yana amsa gaisuwa da ɗaga yatsa. Ni an ba ni jan ruwa da kiwon awaki. Ina jan guga ina kallonsa, ruwan ma nauyi yake ƙara mini.

Da marka ta yi, Kaka ya fito da gorar iri daga ɗakinsa. Wata tsohuwar gora ce baƙa da ke rataye a kusurwa, bakinta toshe da tsumma. Ya zuba, Sha'aibu ya rufe da ƙasa, ni na yi ban ruwa. Bayan ƴan kwanaki tsiro ya fito, siriri kamar gashin jariri, kore shar. Ruwa ya yi ta sauka yana zamewa ta gefen rumfa, ko ɗaya bai kwanta ba. Ko ni sai da na ji daɗi, kafin na tuna ba nawa ba ne.

Ni na fara ganin alamar, don duk garin ba wanda ya san ciwon leda kamar ni. Wajen ƙarshen damina ne, tsiron ya kai tsayin yatsa, saura kaɗan dashe. Kowace safiya raɓa tana taruwa a ƙarƙashin ledar, da gumin da ke tashi daga jiƙaƙƙen fangali, da rana kuma ta bushe ƙaƙas. Abin da na yi wa tawa da hannu, shi Allah yake yi wa tasa kyauta. Na ga farin nan na yanar ido ya fara daga inda ta kwanta a kan sanduna. Da iska ta kaɗa na ji ƙaras-ƙaras. Na faki ido na shafa, gari ya biyo yatsana. Kuma kowa ya san ruwan ƙarshen damina da iska yake zuwa, irin mai cire rufin bukka.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji wani sanyi a raina. Na ce shi ke nan. Ba sai na taɓa komai ba. Hadari ɗaya, ledar ta tashi, ruwa ya kwantar da reno, ba wanda ya kai dashe, mu koma daidai ni da shi. A lokacin sai a ga wanda ya san tsaga fangali. Na riƙe wannan sani a kumatu kamar alewa, ina tsotsa a hankali, na kwana biyu ina yi wa Sha'aibu murmushin da ya sa ya fara duba takalminsa kafin ya saka.

Sai wata safiya Kaka ya zo garka da sandarsa. Ya tsuguna da ƙyar a bakin fangali, ya sa bayan yatsa yana shafa kan tsiron. Ba da ni yake magana ba, ba kuma da Sha'aibu ba.

“Wanga iri na ubana na,” ya ce. “Shi ya zaɓe shi, ni na riƙe. Bara ƙwari sunka ci huren, kaɗan na samu. Abin da ya rage ga gora bai cika tahin hannu ba.”

Ya dafa sanda ya tashi, gwiwarsa ta yi ƙara, ya tafi.

Alewar nan ta koma mini ɗaci. Na ci gaba da jan ruwa, ina zuba wa fangali ɗaya har ya kusa zama tafki. Na yi ta nemo wa kaina hujja: ba ni na kafa rumfar da wuri ba, ba a tambaye ni ba, ni Sarkin Shanya ne, wa zai saurare ni. Duk hujjojin suna da kyau. Amma ba wadda ta hana ni jin ƙarar gwiwar nan. Daga ƙarshe na jefar da guga, na je ƙarƙashin lemu na shuri ƙafar Sha'aibu.

“Tashi, ledarka ta kusa mutuwa.”

Ya buɗe ido ɗaya. “Hassada dai, taubashi. Sha ruwa.”

“Hassada ta, ban musa ba. Amma tashi ka gani.”

Bai tashi ba. Na je gefen rumfar na ɗora babban yatsana, ban ma danna sosai ba, ya wuce fit. Ban taɓa ganin Sha'aibu ya yi gudu ba sai ranar. Ya shaƙe ni, na kwashe ƙafarsa, muka yi birgima cikin laka har muka kusa faɗawa rijiya. Da muka gaji, yana haki, ya je da kansa ya taɓa ɗaya gefen. Yatsansa ma ya wuce. Ya tsaya yana kallon ramin, fuskarsa ta koma ta yaro ƙarami.

“Illa, mi za mu yi?”

Wannan “mu” ɗin ta ba ni haushi, amma ba lokaci. Na ce sai a rufa mata zana daga sama, ta tare mata ranar tsaka, ta kuma danne ta in iska ta zo. Zanar da ta fi kusa ita ce ta garken awakin Inna. Muka kwance ta muka ɗauko a ka. Sha'aibu yana riƙewa, ni ina ɗaurewa, don shi in ya ɗaura igiya ko kaza ta ja sai ta kwance. Zanar ba ta kai ba, fangalin ƙarshe ya rage a buɗe. Muna can muna wannan aiki, awaki suka ga duniya ta buɗe, suka shiga waken Inna. Da yamma ni aka kama. Sha'aibu baƙo ne.

Hadarin ya zo bayan kwana kaɗan, da la'asar. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, iska ta zo ta kwantar da gero. Da ruwa ya ɗauke muka ruga garka. Inda ba zana, ledar ta tashi, sai ƴan tsummoki a jikin sanduna, tsiron fangalin ƙarshe ya kwanta cikin laka kamar an taka. Sauran kuwa suna tsaye, ko ɗigo bai dame su ba. Mun daɗe muna tsintar guntayen leda daga cikin ƙasa, don na ce ba za a bar su su shiga garkar ba. Ko ba tawa ba ce, na riga na saba da ita.

Gari ya ɗauka. Wai kun ji dabarar yaron Allakaye, ya hango hadari tun bai taso ba. Sha'aibu ya ce wa mutum biyu ko uku ai da Illa aka yi, amma a hankali yake faɗa, kuma kun san muryarsa ba ta da ƙarfi in abin yabo ne. Aka yi dashe. Ranar da aka gama, Kaka ya tsaya a bakin rijiya gaban mutane ya ce alkawari ya cika, garka ta Sha'aibu ce. Aka yi fatiha. Na shafa tare da kowa, amma hannuna ya daɗe a fuskata. Na ce ƙura ce.

Bayan azahar Kaka ya aiko kirana. Na same shi a ɗakinsa, zaune a kan gado.

“Wa ya ɗaure zanar nan?” ya ce.

“Mai garka.”

“Mai garka bai iya ɗaure wandonsa ba. Ɗaurin nan ni na koya ma mutum guda duk duniya.”

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka zai ce an yi kuskure, a koma bakin rijiya a sake fatiha. Har na fara shirya fuskar da zan yi.

“Garka ta tahi,” ya ce. “Na hwaɗi gaban mutane, ba ni tashinta.”

Ya nuna kusurwa da sanda ya ce in sauko da gorar. Na sauko da ita, ba nauyi, ɗan abin da ke ciki yana motsi.

“Amma iri ba a ba wanda ka mance inda ya aje abu. Kai za ka zaɓi uwar albasa, kai za ka tsare hure, kai za ka cika ta. Kowa ka son iri, gare ka za shi zo.” Ya dube ni da idonsa mai yana. “Duhu yake so, Illa. Ba rana, ba ruwa. Don Allah kada ka yi mishi gata.”

Yanzu shekara ta zagayo. Gorar ta cika, tana rataye a ɗakinmu, a kusurwar da haske ba ya kaiwa. Kullum ina girgiza ta in ji motsinta, amma ban taɓa fitar da ita ko bakin ƙofa ba. Kada ku ɗauka na huce. Har gobe in na bi ta bakin rijiya na ga ƙafafun Sha'aibu a miƙe ƙarƙashin lemu, sai na ji kamar an zuba mini barkono a ciki. Gora ba ta da inuwa, ba a shimfiɗa tabarma a cikinta.

Amma makon jiya marka ta yi. Ina zaune a ɗaki sai ga shi ya shigo, ya tsaya yana sosa ƙeya.

“Illa, iri.”

“Ban ji sallama ba.”

“Ɗakinmu na fa.”

“Ɗakin iri na.”

Ya fita, ya yi sallama, na bar shi ya maimaita. Sannan na auna masa, na bi shi har garka don in ga yadda zai zuba.

Saboda haka, ɗiyana, in kun girma Baba Sha'aibu ya ba ku albasar bakin rijiya, ku karɓa da hannu biyu, ku yi godiya, ku ci, don duk fadamar babu mai daɗinta. In ya fara labarin Sarkin Shanya ku yi dariya, gaskiya ne. In ya gama, ku tambaye shi inda yake samun iri.